Muryar da Ta Zo Daga Itali

Ban taɓa shan wahala irin ta saƙon nan ba. Na yi noma a shekarar fari, na yi dako a kasuwar Matameye har bayana ya lalace, amma duk wannan wahalar jiki ce.

Babban ɗana yana Itali, yana aiki a gonar tumatir. Duk Juma'a yakan turo murya ta waya, ya gaishe ni, ya gaida uwarsa, ya tambayi tunkiyar da ya bari. Sai muka ji shiru. Rannan ina sassabe saƙo ya shigo daga lambarsa. Na buɗe, sai muryar wata Baturiya, tana magana da sauri tana jan numfashi. Ban tsinci komai ba sai sunan yarona, shi ma a karkace. Na buga, wayar a kashe.

Ni lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba aka cire ni. Na kai wa maƙwabcina, malamin Faransanci, wanda muke kira Mushe, wato malam a bakin Faransawa. Ya manna wayar a kunne, ya saurara, ya sake.

"Malam, wannan ba Faransanci ba ne," in ji shi. "Amma uwarsu ɗaya, Latin. Zan iya tsintar wani abu."

"To Mushe, a kai wa mai jin uwar mana."

"Uwar ta mutu tuntuni. 'Ya'yan ne suka rage."

Ya ce ya ji an ambaci likita. Ya kuma ji kalmar zuwa, amma bai san wa zai zo ba, ko wa ake kira. Sai ya ɗauki tsinke yana zana mini a ƙasa yadda kalmar take a Latin, yadda ta koma a bakin Faransawa, yadda mutanen Itali suke faɗin ta. Na so in yi masa tsawa. Amma sai na ƙyale shi. Iya abin da yake da shi ke nan.

"Yaron yana da rai?"

"Ban ji ta ce ya mutu ba. Wannan kam da na gane."

"Ta ce yana da rai?"

Ya miƙo mini wayar.

A gida uwar yaron ta karɓe ta saurara da kanta. Ita ba maganar take bi ba, muryar take auna. "Wannan ba muryar mai faɗin mutuwa ba ce," ta ce. Ta sake kunnawa, ta ce wallahi ba ta sani ba.

Washegari bayan sallar asuba na zauna a zaure, na danna wayar na yi wa matar magana da Hausa, a hankali, ko da yake na san ba za ta ji ba. Na ce ni ne ubansa. Na ce in yana numfashi ta kai wayar bakinsa, ko tari ya yi, na san tarinsa. Na tura, na sa wayar a aljihun gaba, na ɗauki gatari na tafi gona.