Akasar 'yar Dahome a Madawa

Shekarar da anka yi yabanya mai kyau, bayan an ɗaure dammuna an cika rumbu, ƙanen maigidana ya aiko daga Madawa wai mu zo mu huta, mu ga gari. Shi planto ne a wani buro can, wato ofis, mai kai takardu bisa keke. Lokacin ban cika shekara da aure ba, kuma ni tun ina ƙarama ba mai son hita ba ce, ko kasuwar Babankatami sai an ja ni. Amma tsoho surukina, uban maigidana, ya ce zai tahi, kuma a tahi da ni in ga duniya. Wa zai ce a'a?

Abin da ban gaya wa kowa ba, ina da ciki wata ukku. Cikin fari kuwa ba a faɗinshi, ko uwarka kake jin nauyi. Ga shi cikin nan ya zo mini da yunwa, irin wadda ban taɓa ji ba. A gida ba damuwa, in shiga ɗakina in ci abina. To amma a wurinmu matar ɗa ba ta kai loma baki gaban surukinta, ko ruwa sai ta kauce.

Munka hau jakkai har Buza, nan munka jira kamiyo, babbar motar kaya. Bakin tasha akwai wani Buzu da ke gasa gurasarsu cikin rairayi mai zahi, ya tone, ya kakkaɓe toka, ya marmasa cikin akushi da man shanu. Maza sunka zauna sunka ci. Anka miƙo mini, na ce na ƙoshi. Hili ne fetal, babu ko zana da zan ɓuya bayanta. Ƙamshin man nan ya bi ni har cikin mota.

Tahiyar ban iya tuna ta daidai. Ina zaune bisa buhu, duwatsu jajaye na wucewa, sai goriba, sai fadama kore shar da albasa, mutane na ɗibar ruwa da ƙwarya suna watsawa. Kaina ya yi sakayau. Har na ga kamar motar tsaye take, ƙasar ce ke tahiya ta bar mu.

Da munka sauka na sa rai zan samu cikin gida wurin mata. Ashe ƙanen nan gwauro ne, ɗakinshi guda, ko murhu babu. Ya ce mu aje kaya, zai kai mu inda ma'aikata ke cin abinci, wurin wata 'yar ƙasar Dahome. Hanya duk yana tsokanata, tunda abokin wasana ne, wai yau baƙauya za ta ci da cokali, in kula kar in haɗiye shi.

Rumfa ce ta kwano, da tabur dogo guda da benci biyu suna kallon juna. Anka zaunar da ni daidai gaban tsoho. Matar doguwa ce, mai ɗaurin kallabi kamar tulu, Hausarta a karye amma da daɗin ji. Ta kawo wani abu fari ƙunshe cikin ganye, ta ce akasa, na masara ne da anka jiƙa ya yi tsami. Yana rawa cikin faranti kamar kindirmo. Ta zuba miya ja wur da man ja, da kihi busasshe wanda ta ce daga teku ya hito. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya hi tabkin garinmu ba, na zauna ina shaƙar turirin nan, ina jin kamar wani babban ruwa na motsi nesa, da jirage bisanshi, da mata masu irin kallabinta suna tahiya bakin gaɓa.

Maza sunka sa hannu. Tsoho ya ce tsamin ya yi mishi kamar kunun da ya kwana, amma bai daina ci ba. Ni na sunkuyar da kai, hannuwana cikin zane. Gumi ya fara keto mini, benci na lilo.

Matar ta dawo ta ga farantina yadda ta aje shi. Ta tambaya ko yaji ne, na girgiza kai. Ta ɗauko cokali ta wanke gabana har sau biyu, ta aje. Ban taɓa ba. Sai huskarta ta canza, ta juya wurin ƙanen maigidana.

"Madam ɗinku ƙyama take yi? Ni ma da bisimilla nake dahuwa."

Ya fara dariya yana cewa halin ƙauye ne. Zaman birni ya mantar da shi al'adarmu. Maigidana ya sani sarai, amma shi ma ba ya iya magana kan matarshi gaban ubanshi, sai ya duƙufa kan ƙayar kihi. Ni kuwa ga yunwa, ga kunya, ga baiwar Allah na ɓata mata rai, kuma ba bakin da zan yi bayani.

Tsoho ya ɗaga kai ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi tabur ɗin, ya dubi benci. Sannan ya ɗauki farantinshi ya miƙe, ya ce wa 'ya'yanshi zahi ya yi yawa cikin rumfar kwanon nan, su taso. Mutumin nan liman ke ba shi sahun gaba, tunda nike ban taɓa jin ya ci ko gyaɗa bisa hanya ba. Ya hita ya tsuguna gindin itacen bedi, bakin titi, ya ba rumfa baya, masu keke na wucewa suna kallonshi.

Kahin ya hita ya ɗan tsaya kusa da matar, ya yi ƙasa da murya. Ni kunnena ba ya barin magana.

"Ba raini ba ne, uwar ɗaki. Kunyata take ji. Ki ƙara ma ɗiyata miya, ba ita kaɗai ke ci ba."

Yadda ya sani, har ya rasu ban tambaya ba.

Matar ta zo ta zauna inda ya tashi, ta ture cokalin gehe, ta gutsuro akasa da hannu ta nuna mini yadda ake dangwalawa. Loma ta fari tsami da yaji sunka hau mini har ido. Na ci ƙunshi ukku. Tana cire mini ƙaya tana ba ni labarin garinsu, rabi ban gane ba, ina ta gyaɗa kai da baki cike.