Ƙunshi Huɗu na Famfas

Wani Bature yana gabana a layi a kantin maganin unguwarmu a Bremen, ƙasar Jamus. Dogo ne, ya ba hamsin baya, gemu a gyare, takalmi sai ƙyalli. Ya rungume famfas na manya ƙunshi huɗu, su ke nan suka rage a kantin. Na ɗauka jinyar wani yake yi kamar ni.

Sai ga shi yana waya, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Torben, ba ka san daɗi ba! Ka saka shi ka shiga bahon ruwan ɗumi, ka ji yadda yake kumbura."

Tun da ɓarin jikin mijina Joachim ya shanye, kuka yake yi duk lokacin da na canja masa famfas. Wannan kuwa, ina jin bai taɓa wanke zanin gadon kowa ba.

Na ce, "Bawan Allah, bar mini ɗaya. Mijina ba don nishaɗi yake sakawa ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ajiye ɗaya a gabana, ya fice da ukun.

Ban ce masa na gode ba.