Ranar da na ƙi zama

Jiya a kasuwar Kankiya wani mai hatsi ya mari ɗan dako, kowa ya ci gaba da lodi. Sai na tuna dattijon da ya kafa mana ƙungiyar 'yan dako. In aka wulaƙanta ɗayanmu, gammonsa yake saukewa ya zauna a kai, mu duka mu zauna.

Wata rana ana wannan zaman na tashi ni kaɗai, don gidana ba ko tiyar gero. Na kinkimi buhu ina ɓoye fuska. Dattijon ya taso ya gyara mani gammo da hannunsa duk kanta, ya ce, "Ɗana, bi a hankali."

Har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah ka haskaka kabarinsa, ka isar mashi da abin da na kasa faɗa.