Katako Biyu a Ƙofar Kicin

Tirela mai katifa bai taɓa tuƙa mota ba. Sunan ya samo shi ne tun a makaranta, ranar da ya zauna a ƙarshen benci, yaran da ke ɗaya ƙarshen suka yi sama da littattafansu. Bai yi fushi ba. Fushi yana buƙatar mutum ya miƙe tsaye, shi kuwa ya riga ya zauna.

Shagon katifa ya gada daga mahaifinsa, amma dabarar ciniki tasa ce. Idan mai saye ya fara latsa katifa da yatsa yana taɓe baki, sai Tirela ya cire takalmi ya kwanta a kai, ya juya dama, ya juya hagu, sannan ya nemi a ba shi hannu. In katifar ta dawo yadda take, ciniki ya faɗa. "Wadda ta ɗauke ni," in ji shi, "za ta ɗauke ka da iyalinka da baƙin da suka ƙi tafiya." Wani lokaci barci yakan kwashe shi a tsakiyar gwajin, mai saye ya nemi wuri ya zauna. Wannan ma talla ne.

Da ya doshi hamsin sai jikin ya fara kawo ƙara. Gwiwoyi suka fara, sukari ya biyo baya, numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Matarsa, malamar firamare da kowa ke kira Malama, ta gaji da zungurarsa da gwiwar hannu don ta ji ko har yanzu matar aure ce. Daga ƙarshe likitoci suka yi masa tiyata suka rage masa tumbi, suka bar masa wanda bai fi ayaba girma ba.

Ƙiba ta riƙa zuba kamar an buɗe famfo. Cikin shekara ɗaya ya ga yatsun ƙafarsa, ya gaishe su. 'Yan layin shagonsa suka yi shawara suka rage masa suna zuwa Kan Tirela, tunda an kwance bodin. Ciniki kaɗai ya ja baya. Yanzu in ya kwanta a kan katifa, mai saye yakan dube shi ya ce, "To, ka kwanta. Sai me?" Bai damu ba. Yana hawa bene ba tare da ya tsaya karanta sanarwar da ke bango ba, kuma wannan ya ishe shi.

Tsoron ya same shi ne a ɗakin jira na asibiti, ranar da ya je a duba shi. Kusa da shi akwai wani bawan Allah da ya cika kujera biyu, yana cin biskit a hankali. Tausayi irin na wanda ya tsira ya kama Tirela, ya matsa kusa.

"Ɗan'uwa, kada ka ji tsoro. Aikin ba wuya. Ka gan ni nan, da na fi ka."

"Na sani," in ji mutumin. "An yi min tun kafin a yi wannan ginin. Har na fi ka ramewa."

Tirela ya ɗan ja baya. "To, me ya faru?"

"Ƙiba ba tafiya take yi ba. Zagaye take, ta dawo." Ya ɗaga biskit ɗin. "Tumbin ƙaramin shago ne, gaskiya, amma ba ya rufewa. Bismillah."

Tun daga ranar Tirela bai sake zama lafiya ba. A ɗakin ajiya akwai tsohuwar katifarsa jingine da bango, da rami a tsakiyarta daidai siffar jikinsa na da. Ya fara ganin kamar ramin jiransa yake. Ya sayi sikeli, ya riƙa hawa da safe, da rana, kafin shan ruwa, bayan shan ruwa, bayan aski. Sikelin bai taɓa faɗin magana ɗaya sau biyu ba. Malama ta kyautar da shi ga wata maƙwabciya da ba su shiri.

Sai ya kira kafinta. Ya tsaya a ƙofar kicin, hannuwa a gefe, ya sa aka kafa katako biyu a dokin ƙofar, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai faɗinsa, da ɗan sararin da bai fi yatsa ba.

"Baban yara, wannan kuma fa?" in ji Malama.

"Ranar da na ƙaru, ƙofar za ta faɗa min. Kuma ranar ba zan iya shiga inda abinci yake ba. Kin ga aiki biyu ke nan."

"Ni kuma da tire?"

"Ki karkata shi."

"Da miya a kai?"

"Ke ce mai ilimi, Malama."

Firji ya zama ɗan ɗaurin rai da rai, don ko lalacewa ya yi babu ta inda zai fito. Amma hankalin Tirela ya kwanta. Kullum da safe yakan tsaya a gaban ƙofar kamar soja, ya ratsa ta gaba gaɗi ba tare da ya riƙe numfashi ba, ya juyo ya fito, sannan ya karya da ƙwai ɗaya a farantin shayi.

Ana haka sai Yaya ta zo. Babbar yayarsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau Auta take kiransa. Mace ce mai jiki, wadda ke ɗaukar kowane kilo na ƙaninta a matsayin aikin hannunta. "Shekara da shekaru ina gina yaron nan," takan ce, "likita ya rushe min shi da safiya ɗaya." In baƙi suka yaba yadda ya koma, sai ta rage murya ta ce a dai ci gaba da yi masa addu'a. Mako ɗaya ta zo yi, makon ya yi ta haihuwa. Kicin kuwa bai shigu mata ba. Sai ta ajiye kujera a bakin ƙofar tana aika umarni ciki: a ƙara mai, a ƙara gishiri, wannan naman na wane maraya ne.

Wata ranar aiki Malama ta dawo daga makaranta ta tarar da rabin Yaya a falo, ɗaya rabin a kicin. Rabin da ke kicin yana riƙe da kwanon suya.

"Sannu da gida, Yaya."

"Yauwa, sannu da dawowa. Ya yaran makaranta?"

"Lafiya lau. Kin daɗe a nan?"

"Ban duba agogo ba. Yana ɗaya ɓangaren."

Dankali ta so ta soya wa Auta kafin ya dawo. Suka gwada sabulu, suka gwada man girki, Malama ta ja, Malama ta tura. Daga ƙarshe ta ɗauko guduma ta ɓalle katakon dama, Yaya ta fito da mutuncinta da ƙujewa a damtse. Malama ba ta taɓa kafa komai ba sai taswira a bangon aji. Tsofaffin ramukan ƙusa sun buɗe, don haka ta ɗan matso da katakon ciki inda ƙusa za ta kama, ta buga.

"Ƙanwata," in ji Yaya, tana gyara ɗankwali, "in maganar nan ta fita, ban yafe ba. Ni na yi wa yaron nan wanka. Ba zai ji cewa na maƙale a ƙofarsa ba."

Malama ta yi alkawari, don a ganinta abin bai kai ya kawo ba.

Washegari Tirela ya tsaya kamar soja, ya taka, katako ya goge shi a ƙugu. Ya koma baya ya cire walat daga aljihu. Ya goge shi. Ya cire riga. Ya sake goge shi. Ya tsaya a falo da singileti yana kallon ƙofar kamar wadda ta kawo masa sammaci.

"Ƙila katakon ne ya motsa," in ji Malama.

"Katako ba ya cin abinci, Malama. Ni ke ci." Ya ɗauko biro ya sa hannu a mahaɗar katakon da bango, dama da hagu. "Na san ku. Za ku faɗaɗa ta a ɓoye don ku faranta min. Kada wanda ya taɓa."

Da farko ya daina cin komai sai ruwa, abin da likita bai ce ba. Jiri ya riƙa ɗibarsa, har wata rana ya kwanta gwajin katifa aka koma ba shi hannu kamar da. Ƙofar ba ta sauya ra'ayi ba. Daga nan sai ya saduda. Tunda ƙiba ta gano gidan, in ji shi, ba amfanin ɓuya. Ya fara sayen biskit da lemon kwalba yana cusawa tsakanin katifun shago, yana ɗan ci kaɗan kaɗan daga safe zuwa yamma, kamar yadda malaminsa na ɗakin jira ya koyar. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Nas ɗin da ke kula da masu irin tiyatarsa, wadda suke kira Sista, ta buga masa waya, ya ce ya yi tafiya. Ya zaro tsohon wandonsa daga buhun kayan da za a bayar, ya rataye shi a bayan ƙofa, don kada ranar ta zo ba shiri.

Malama ta ji labarin ne daga bakin wata amarya da ta tare ta a hanya tana godiya. Ta ce sun sayi katifa a shagon maigidanta, sun buɗe leda sun tarar da kyautar biskit, har an ɗanɗana musu.

Malama ta samu Yaya a kan kujerarta ta bakin kicin.

"Yaya, ki sake ni daga alkawarin nan."

"Don me? Ba ki ga kumatunsa sun fara dawowa ba? Jiya har na gane shi daga nesa."

"Ya daina zuwa asibiti. Ya fito da tsohon wando." Malama ta zauna a ƙasa kusa da ita. "Kin tuna ranar da ya faɗi a shago, maza suka taru suka kasa ɗaga shi? Ke kika zauna a dandaɓe kina masa fifita da kwali, kina cewa kada ya riga ki. Can zai koma, Yaya. Saboda dankali."

Yaya ta daɗe tana shafa damtsenta.

Da aka zauna cin abincin rana, ta yi gyaran murya. "Auta, kwanaki wata mata ta maƙale a ƙofar nan taka."

"Wace mata?"

"Wata baiwar Allah. Ba ka san ta ba. Mai mutunci ce ƙwarai, babba. Sai da aka ɓalle katako aka fitar da ita, aka mayar ba daidai ba." Ta ɗaga hannun riga kaɗan, ƙujewar ta bayyana. "Ta ji ciwo a nan, kamar haka."

Tirela ya tashi ya je ƙofar. A gefen katakon dama ga tsofaffin ramukan ƙusa nan a jere, a fili, inda ya sa hannu kusa da su bai gani ba. Ya sa ɗan yatsa a ɗaya.

"Allah ya ba matar nan lafiya," in ji shi.

"Amin," in ji Yaya.

"Ke nan ban ƙaru ba."

"Lokacin ba ka ƙaru ba," in ji Malama. "Yanzu kuma sai a tambayi biskit."

Ita ta raka shi asibiti. Kafin ya hau sikeli ya cire takalmi, da agogo, da hula, ya miƙa wa Malama makullin shago, ya tambaya ko tabarau na da nauyi. Ya ƙaru, amma kaɗan. Sista ta ce kowa yakan hau ya sauka, ba wannan ke damunta ba, masu ɓacewa ne ke damunta, don sai sun cika kujera biyu suke dawowa. Ta maimaita masa abin da ya riga ya sani: ya ci a kan lokaci, ya fara da ƙwai ko kifi ko nama, ya bar ciye-ciyen tsakani da lemo, ya sha magungunansa, ya yi tafiya da ƙafa, ya zo ranar da aka ce ya zo ko da labarin ba daɗi. Da ya ba ta labarin ƙofar, ta ce ta ga masu maye gurbin likita da abubuwa iri-iri, amma shi ne na farko da ya kawo kafinta.

Ran nan da yamma ya ɓalle katakan da kansa. Yaya ta shiga kicin a hankali, tana duba kwanuka kamar wadda aka mayar wa gidan gado. Ta fito da faranti da tulin shinkafa da dankali da kifi ta dire a gabansa. Tirela ya jawo farantin shayinsa, ya ɗauki kifin, ya tura sauran tsakiya.

"Auta, raina min girki kake?"

"Wane ni, Yaya. Shagon ne ya rufe."

Ta cinye sauran don kada a yi asara.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Malama ta ce zaman gida ba ya yi wa Yaya kyau, gara ta riƙa bin ƙaninta shago tana shan iska. Yanzu kullum Tirela yakan tafi a ƙafa, Yaya ta biyo a mota, kicin ya huta har yamma. In mai saye ya fara latsa katifa yana taɓe baki, sai Tirela ya ce, "Yaya, ko za ki ɗan zauna a nan?" Takan zauna, ta gyara zama, ta sanar da mai sayen cewa ita ba gwaji take ba, hutawa take. Ciniki ya dawo.

Tsoron bai tafi ba, kuma Sista ta ce kada ya jira tafiyarsa. Tsohon wandon ya koma buhu, ranar asibiti ba ta sake wuce shi ba. Amma har yau da safe yakan tsaya a ƙofar kicin, hannuwa a gefe, ya saci kallon ramukan ƙusa, ya ratsa daidai tsakiya. Malama takan jira da tire a hannu har ya gama.