Sunan da Gwaggo Ba Ta Faɗa

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Kara-Kara, ni da ƙawata, kabu-kabu biyu suka ratsa da mu ta Zango zuwa tasha. Shaguna duk a rufe, sai mai shayi yana fifita gawayi. A jakata akwai littafin soyayya da na karanta har bangonsa ya fita, a wayata kuma saƙon muryar Gwaggo: "Komite sun kafa turke a wurina. Ki zo."

Gwaggo ƙanwar babana ce, tana wani ƙauye a ƙasar Droum. Tun kafin a haife ni take suyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa a gindin tsamiyar kasuwarsu, da shi ta riƙe marayunta bayan rasuwar mijinta. In wurin nan ya tafi, tukunyar gidanta ce ta tafi.

Motar mai buɗaɗɗen baya ce, jaka ɗaya da rabi kowa. Ban ji nawa aka biya wa akuyar da ke gefena ba, amma ta fi ni samun wuri. Da muka bar gudron muka hau jar hanya, sai gonaki an girbe gero, dammuna a jingine, mata suna cirar gyaɗa. Da wata rana ce, da na saki raina ina ajiye jarumi a ƙarƙashin kowane gawo. Ranar kam, mugu nake nema. A littattafan da na sani, mai ƙwace wurin matar da mijinta ya rasu kullum yana da tabarau da murmushi.

Mun tarar kasuwa ta ci. Ko'ina turaku masu jan fenti, an ja igiya an fitar da hanyar amalanke, ga sababbin rumfuna guda huɗu. Mai fura ta raɗa mini wai 'yan kasuwar birni za a ba wuraren. Mahauci ya ce a'a, furoje ne, wato aikin tallafi, ya zo, masu gari za su raba. Furar dai ta yi daɗi, gero sabo, nono mai kauri, kuma ta fi ta Zinder araha nesa.

Sakataren komiten kasuwa yana zaune a rumfa ta farko da kaye, littafin rajistarsu, a gabansa. Saurayi ne, da tabarau. Ya yi murmushi. Na taɓa ƙawata da gwiwar hannu.

Ya ce so suke kowa ya san wurinsa, a daina rigima ranar kasuwa, masu suya su yi nesa da masu yadi. Na ce ya nuna mini gindin tsamiya. Ya buɗa kaye, sai ga sunan ƙanin mijin Gwaggo, an rubuta a gaba: esansi, wato fetur, a kwalba.

A bakin Gwaggo na ji yadda aka yi. Komite sun bi rumfa-rumfa, tambayarsu ɗaya ce, sunan maigida. Da suka zo kanta ta sunkuyar da kai ta ce su tambayi ƙaninsa. Shi kuwa da aka tambaye shi, ya ba da nasa.

"Gwaggo, me ya hana ki faɗa?"

"Ke, 'yar nan, yana raye ban taɓa kama sunansa ba, sai yau don kaye?"

Na koma na tsaya a kan sakatare, na ce, "Malam, duk garin nan wa bai san mace ba ta faɗin sunan mijinta ba? Ko da gangan ne?" Murmushin ya ɗauke. Ya ce su bakwai ne a komite, duk maza, babu wanda abin ya faɗo masa. Ban yarda ba, amma ya tashi ya biyo ni.

A gindin tsamiya duwatsun murhu uku suna nan baƙi ƙirin, ƙasar wurin ta sha mai har tana ƙyalli. Gefe kuma an jera kwalabe babu komai a ciki, mai su, ƙanin mijin nata, yana tsaye yana jan carbi.

"Ni ai ajiye mata na yi," in ji shi.

Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ajiya har da kwalabe, Malam? Kusa da wutar suya? Mu za ka toya?"

Mata suka kwashe da shewa. Sakatare ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce, "Inna, ke ya sunanki?" Ta rufe baki da mayafi tana dariya, kamar an tambaye ta abin kunya. Can ta ce, "Hajara." Ban tuna ranar da na ji wani ya kira ta da shi ba. Ya soke na farko, ya rubuta nata. Kafin ya miƙe, mata biyar sun yi layi a bayanta, kowacce wurinta yana kan sunan wani namiji.

Bayan la'asar muka kamo hanya da ledar ƙuli-ƙuli, muka shiga Kara-Kara ana kiran magariba. Ƙawata ta ce na kalli tabarau ɗin nan fiye da yadda ake kallon mugu.

Har yanzu ban san ko kuskure ne ko shiri ba, shi ya sa na ɗauki foton shafin kafin mu taho. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in an zo gyara gari da kaye, a fara duba tambayar da ake yi, da wanda ba zai iya amsa ta ba. Kasuwa mai zuwa ma zan koma, in ga da idona ko sunan Hajara yana nan.