Lambar da ke Gindin Kyamarata

Na fi shekara talatin ina ɗaukar hoton mutanen Zariya, kuma in za a faɗi gaskiya, na gaji. Bayana ya gaji da sunkuyo, idona ya gaji da ƙanƙancewa, ga shi yanzu kowa da wayarsa, sai a yi biki a watse ba a nemi mai hoto ba. Abu ɗaya ya riƙe ni a sana'ar nan duk tsawon lokacin: na ɗauka wasiyyar mahaifina nake cikawa. Ya rasu ina da shekara biyu, ban san fuskarsa ba, kuma abin da kawai na mallaka nasa wata tsohuwar kyamara ce mai fim, wadda kakata Iya ta ba ni.

Iya ce ta raine ni a gidanmu na Limancin Kona, bayan mahaifiyata ta gama takaba ta yi wani aure a nesa. Ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka murhunta ba ya mutuwa da wuri. Bayan magariba yaran gidan mukan kewaye ta, muna jiran gutsattsarin da ya karye a kasko, ita kuma tana juya matsami tana share gumi da bakin zane. Har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa a wuta sai ƙafata ta nemi wurin zama. Ni ta fi tsokana, don sunan kakana aka sa mini, Maigida take kirana.

"Maigida, yau ma ba cefane?" in ji ta. "To matso, tunda ba ka da abin bayarwa sai kunne. Ga ta nan ta iso, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi asara."

Tatsuniyoyinta da yawa sun gudu daga kaina, amma akwai guda da ta zauna. Wai wani falke ne ya ɓata a daji da bazara, ƙishirwa ta kusa kai shi lahira. Yana jan ƙafa sai ya iske tulu a gindin tsamiya, cike da ruwa mai sanyi, ba kowa a kusa. Ya sha har ya dawo hayyacinsa. Maimakon ya gode wa Allah ya saɓi tulun ya ci gaba, sai ya tuna cewa kowace maginiya tana da shaidar da take yi a gindin tukwanenta, wata zane uku, wata dangwalen yatsa, har ma takan sauya ta daga wannan ƙonawa zuwa waccan don ta san na damina da na rani. Falke ya ce lallai sai ya san daga hannun wa tulun nan ya fito. Ya kifa shi. Shaidar kam ya gan ta, amma ruwan ya bi ƙasa, ga tafiyar yini biyu a gabansa.

Mukan yi ta dariyar wautar falken nan. Ni kaɗai nake tsayawa da tambaya.

"Iya, to shaidar wa ya gani?"

"Ka ji ko? Kai ma ka fara," takan ce, ta dungure mini kai da bayan hannu. "Sha ruwanka, Maigida, ka bar gindin tulu."

Ina da shekara goma sha ɗaya na dawo daga makaranta da kuka. Wani ɗan ajinmu ya zo da agogon babansa yana nunawa, ya juyo ya ce da ni, kai me naka ya bar maka? Na maimaita wa Iya tambayar a gaban murhu. Ta ci gaba da suya, ranar kuma ba a yi tatsuniya ba. Mahaifina ɗanta na fari ne, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, an ce ko yana raye ma haka take. Bayan 'yan makonni ta kira ni ɗaki, ta buɗe adaka, ta fito da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali.

"Wancan ne ya saya kafin ya kwanta ciwo," ta ce, idonta na kan bango. "Ya ce in ka yi hankali a ba ka. Ban ga hankalin ba tukuna, amma ungo."

Da kyamarar nan na kwana a ƙirji. Da ita na koyi aiki wurin wani mai hoto a Tudun Wada, da ita na fara bin suna da walima, har na buɗe shago. Na sayi wasu bayanta, na zamani, amma ita tana kan kanta a shagona, in baƙo ya tambaya in ce ta babana ce. Ina jin daɗin faɗin kalmar, don ba ni da wani wurin da zan faɗe ta.

Bara ne maɓallin kyamarar ya ƙage, na kai wa Malam Yohanna a Wusasa, tsohon mai gyaran kyamara, wanda mun daɗe tare. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya karanta lambar da aka buga a gindinta. Ya buɗe bayanta ya haska inda ake sa fim, ya nuna mini wasu ƙananan haruffa da ban taɓa kula da su ba. Ya ce lambar waje tana faɗin rukunin da aka ƙera ta a ciki, haruffan ciki kuma shekara da wata. Masu sha'awar tsofaffin kyamarori sun tattara jerin lambobin, ya buɗo mini a wayarsa, ya bi da yatsa har ya tsaya.

"Ka ga, 'yan farko maɗaurin fim ɗinsu ƙarfe ne. Naka na roba ne, rukunin baya ke nan." Ya faɗi shekarar, yana murna irin ta mai sana'a da ya gane abu.

Na ce ya sake dubawa. Ya sake, ya faɗi shekarar dai. Na yi lissafi a zuci sau uku. Mahaifina ya shekara shida a kabari kafin a ƙera kyamarar nan.

"Malam Sani, lafiya?" ya tambaye ni.

Na ce lafiya lau, rana ce. Na bar masa kyamarar na fito.

Iya ta daɗe da rasuwa, saura ƙanwar mahaifina, Gwaggo Binta, a tsohon gidan. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Bayan gaisuwa na faɗa mata abin da lamba ta ce. Ta daɗe tana kallon faifan.

"Ashe ƙarfe ma yana tona asiri," ta ce. "To, Sani, tunda ka tono sai ka ji. Yaya bai bar komai ba sai littattafansa, su ma ɗalibansa suka raba. Kyamara kuwa, ko tsayawa gabanta bai taɓa yarda ya yi ba, balle ya saya. Iya ce ta ba ni tasoshin aurenta na kai Sabon Gari, na dawo da wannan. Ta sa na yi rantsuwa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin ina tsaye a rana ina cewa mutane su yi murmushi, ina zaton mutumin yana can yana jin daɗi, ashe da yana raye wataƙila shi zai fara hana ni. Na ce, to me ya sa kyamara? Ai agogo ya fi sauƙi, ko hula.

"Na tambaye ta haka," in ji Gwaggo. "Ta ce fuskarsa ta fara ɓace mata. In ta rufe ido sai ta ga rawaninsa da tafiyarsa, fuskar babu. Uwa ce, ba ta da bakin faɗa wa kowa. Ta ce a sayo maka abin da zai sa kada a sake rasa fuskar wani a gidan nan."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar falke gargaɗi ce ga masu bin ƙwaƙƙwafi, kuma ga shi na kifa nawa tulun da hannuna, abin da nake sha shekara da shekaru ya zube. Amma yanzu da na tsufa na daina yi wa falken dariya. Mutumin da aka cece shi a daji yana da haƙƙin sanin wanda zai yi wa addu'a. Ni dai na rasa uba karo na biyu, na kuma gane cewa duk godiyar da nake aikawa kabarinsa, mai ita tana zaune gabana tana suya, ban taɓa ce mata ko sannu a kan wannan ba.

Na miƙe zan tafi, Gwaggo ta ajiye faifan.

"Af, Sani, dama ina so in roƙe ka. Ni ma fuskarta ta fara ɓace mini. In ka je shago ka wanko mini hoton Iya, ko ƙarami ne."

Akwai akwatuna a shagona cike da fim, amare da angwaye, jarirai, mahajjata, mutanen da ko sunansu ban riƙe ba. Iya kuwa duk ranar da na ɗaga kyamara sai ta ce in bari ta gama suya ta sa zanen kirki, ni kuma in ce to, gobe, in ruga inda ake jirana.

Na ce wa Gwaggo zan duba. Tun kafin in kai zaure na san babu.