Ranar da Na Ƙara wa Sakatare Rubutu

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, amma wadda na yi da niyyar taimako ita ce har yau take hana ni sakewa. Aji uku na yi a lakkwal aka sallame ni, karatuna bai wuce lamba da sunana ba. Da shi na yi shekaru ina planto, wato ɗan aike, a biron wata ƙungiyar manoma a Tasawa: shara, shayi, kai takarda.

Sakatarenmu tsarana ne, Bagobiri, ni kuwa Bakatsine, don haka zagi ne gaisuwarmu. Saura masa ƴan watanni ya aje aiki, idonsa kuma ya raunana. Ni kaɗai na sani. Tsoronsa kada shugabarmu, mace mai ƙuruciya da muke kira Madam, ta gane ta ɗauke shi daga kujerar kafin lokaci.

Sai aka kawo wa ordinatarsa, wato kwamfuta, sabon ekran, gilashin da rubutu ke fitowa, faffaɗa, ya kusa cinye tebur. Muka ce babban gilashi, babban rubutu. Da aka kunna, rubutun ya fito kamar an watsa riɗi. Wai kyau ne ya yi masa yawa, in ji wanda ya haɗa shi. Bagobiri sai ya haddace wurare: nan suna, nan gari, can ƙasa ta dama inda ake dannawa a adana. Hannunsa ne ke gani. Da la'asar nakan tarar da idonsa na zubar ruwa.

Ni kuwa ranar haɗawa ina shara a bayansu, na ga inda aka nuna wa Madam ake ƙara girman rubutu. Ran nan manoman Urafan suka zo a rubuta su don irin wake, Bagobiri ya fita alwalar azahar, na zauna kujerarsa. Na bi hanyar da na gani har lambobi suka fito: ɗari, ɗari da hamsin, har ɗari uku. Ni ko a akushi ban taɓa zaɓen ƙaramar tsoka ba. Na danna ta ƙarshe.

Ya dawo ya tsaya. "Kai Bakatsine, mi ka taɓa?"

"Ido na saya maka, makaho. Yi godiya."

Ya zauna ya karanta layi guda daga nesa, har ya yi murmushi. Ya rubuta manomi na farko, hannunsa ya tafi inda ya saba dannawa, babu komai a wurin. Tagar da yake rubutu a ciki ta kumbura ta fi gilashin, gindinta ya nutse ƙasa. Ya ja ta sama, ta ƙi. Ni kuma na ɗaga ekran ɗin na leƙa ƙarƙashinsa, ko abin ya faɗo.

"Aje shi," in ji shi. "Maida mini kayana yadda suke."

Na nemi hanyar komawa, ita ma ta kumbura, komai ya bar mazauninsa. A waje manoma na ta aiko tambaya, motarsu za ta tashi. Muka yi ta gumi har hayaniyar ta fito da Madam.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta danna nan da can, ta sauke lambar zuwa ɗari da hamsin, tagar ta koma cikin gilashi da gindinta. Sannan ta ce, "Wa ya kai shi ɗari uku?"

Na ce, "Ni ne, Madam. Rashin ji ne na tsufa."

Ba ta ko dube ni ba. Ta juya ga Bagobiri, ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Baba, karanta mini wanga."

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe haka. Can ya ce, "Ban gani, ɗiyata."

Ita ta rubuta manoman da kanta. Ba a kore shi ba. Sati na zagayowa aka ba shi makullin sito da kujerar roba a bakin ƙofa, aka ce ya huta har lokacinsa ya cika. Na kai masa shayi can, na tanadi zagi mai kyau, zagin ya ƙi fitowa. Ya karɓi kofin, ya hura, ya ce, "Da ka bar ni da ƙananan nan, da na kai ƙarshen shekara a kujerata."